Man Zafi a Bakin Muciya

Saura kwana biyu a fita Arfa bayana ya riƙe. Ina aikin girki a wani gidan abinci a unguwar Zahir da ke Makka, na sunkuya na ɗaga tukunyar shinkafa ni kaɗai, sai na ji kamar an soka mini ƙusa a ƙugu. Matan da muke haya tare a unguwar Tandabawi duk suka tafi aikin Arfa, aka bar ni a ɗaki daga ni sai fanka.

Ba ni da takardar zama, don haka ban nufi asibiti ba. Da bin bango na isa kantin magani. Wani dattijo Basakkwace da ke aiki a ciki ya miƙo mini man zafi, ya ce, "Hajiya, kada ki wuni kwance, ki riƙa ɗan tattaki. In za ki kwanta, sa matashi ƙarƙashin gwiwa. In za ki ɗauki kaya, durƙusa, kada ki sunkuya. Akwai mai shafa maki?"

Na ce akwai.

Da na koma ɗaki, hannuna ya kasa kaiwa wurin. Na naɗa tsumma a bakin muciya, na lakato man, na riƙa gogawa ta baya. A Kano ƙanwata ce ke danna mini baya tana tsokanata. Sai da na gama na lura hawaye nake yi.

Na bi maganar dattijon, cikin mako guda na soma miƙewa sosai. Matan suka dawo a gajiye, kowa da labarinta. Ba wadda ta tambayi nawa, ni ma ban faɗa ba.