Hafsatu da Matan Fadar Wei

Shekara goma sha ɗaya ina aiki da Hafsatu a kicin ɗin wata firamare a unguwar Moss Side ta Manchester, ban taɓa jin sunan 'yarta a bakinta ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko "ta Birmingham". Yara ɗari uku kuwa da muke zuba wa abinci, kowanne ta san sunansa, ta san wanda ba ya cin kifi da wanda gyaɗa ke kumbura shi. Abin ya daɗe yana ba ni haushi, ni kuwa bakina ba ya ajiya.

Sunan 'yar tata Amal, ita ce ta fari, ita ce kuma auta. Hafsatu Bazazzagiya ce, an rene ta a kan cewa mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Da mijinta ya rasu, Amal na da shekara uku, sai ta kai ta wurin yayarta Raki a Birmingham, ta dawo ta kama aiki biyu. A gida wannan riƙo ne, ba abin magana ba. Amma yarinyar a Ingila ta tashi, inda uwaye ke rungumar 'ya'yansu a ƙofar makaranta. Raki take kira Mama, Hafsatu kuma Anti. Ba a ɓoye mata wadda ta haife ta ba. Abin da ba ta sani ba shi ne ko wadda ta haife tan tana son ta.

Amal ta yi nisa a karatun tarihi, har aka gayyace ta Manchester ta yi lacca a jami'a. Ta turo wa Hafsatu saƙo. Hafsatu ta ce ita me za ta je yi, ai Yaya Raki na zuwa. Na ce wallahi ko a kafaɗa zan kai ta. Muna tashi aiki muka hau bas, hannunmu na ƙanshin albasa, muka zauna can layin baya.

A kan wasu mutane ta yi magana, Xianbei, makiyaya masu dawaki da suka kafa daular Wei ta Arewa a ƙasar Sin, shekara kusan dubu da ɗari shida baya. Na so in yi gyangyaɗi, sai na ji abin da ya wartsakar da ni. Wai a fadarsu, in aka naɗa yaro magajin sarki, sai a kashe uwarsa, don kada ita da danginta su mallake mulki. A miƙa yaron ga mai reno, har akwai masu renon da daga baya aka ba su girman uwar sarki. Matan fada addu'a suke yi su haifi mace. Yariman da aka fara yi wa haka kuka ya riƙa yi ba dare ba rana, har uban ya fusata, shi kuma ya gudu ya bar fada.

Nan Amal ta ce marubutan fada sun rubuta kukan ɗan, amma ba su rubuta abin da uwar ta ce ba. Na waiga, na ga Hafsatu ta ƙanƙame jakarta a cinya tana kallon ƙasa. Tausayinta ya kama ni, haushin nan duk ya bi ruwa.

Da aka tashi, aka kewaye Amal wurin shayi. Raki na gefenta cikin leshi, sai fara'a take. Na ja Hafsatu har gabansu tana tirjewa. Malamar Amal, wata dattijuwa mai suna Margaret, ta riga ta gaisa da Raki, sai ta dubi Hafsatu ta tambayi Amal da Turanci wace ce wannan.

Amal ta buɗe baki za ta ce Anti kamar kullum, sai ta rufe. Ta zuba wa Hafsatu ido tana jira. Margaret ta fara duban kofinta. Raki ce ta taɓa ƙanwarta a gwiwar hannu.

"Ke Hafsatu, tambaya ake yi. Ni dai amana kika ba ni."

Hafsatu ta gyara mayafi. "I am her mother," ta ce wa Margaret. Sannan ta juya ga 'yarta, ta koma Hausa. "Ni na haife ki, Amal. Kunya ce, ba ƙi ba ne."

Amal ta ajiye kofin shayin.

"Twenty-four years," ta ce, da Hausarta ta 'yan Birmingham mai tuntuɓe. "Da kin faɗa mini tun ina primary, da na daina tambayar Mama laifin da na yi."