Ranar da Na Sanar da Rasuwar Hajiyar da Ke Raye

A lokacin ina saurayi a Gyaɗi-Gyaɗi, na gama difloma babu aiki, sai na tsiri koyon Jamusanci a waya. Ban wuce gaisuwa da 'yan kalmomi ba, amma na bari ana kira na Bajamushe a majalisa, kuma sunan yana fasa min kai.

Akwai wata Hajiya a Tarauni, aminiyar mahaifiyata, ɗanta yana aiki a wata masana'anta a Jamus, ya auri 'yar can wadda ba ta jin Turanci sosai. Wata rana da hantsi maƙwabciyar Hajiya, wata nas 'yar Kudu, ta kira ni a gigice. Da Turanci ta ce min Hajiya "passed out", suna hanyar asibiti, wayar ɗan a kashe take, in sanar da matarsa da yarensu. Suma take nufi. Ni kuwa na rikita shi da "passed away" mai nufin rasuwa, na ɗauka duk ɗaya ne tunda farkonsu ɗaya. Na ɗan yi shakka, amma girman kai ya hana ni in ce ta maimaita da Hausa, alhali tana ji. Na lalubo kalmar "gestorben", wato ta rasu, na tura wa matar ɗan.

Matar ta je har wurin aiki ta fito da mijinta. Ya kira ƙanwarsa a Hotoro yana kuka, ita kuma ta kira dangi. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Hajiya, mahaifiyata na cikin masu kuka. Ana haka adaidaita ta tsaya, Hajiya ta sauko da ƙafarta tana tambayar wa ya rasu. Ashe sukarinta ne ya sauka.

Da aka gano daga ni ne, Hajiya ta sa aka kira ni. Ba ta zage ni ba, tambayata kawai ta yi me ya hana ni tambaya. Ɗanta ya yafe min, amma ya ce har yau gabansa na faɗuwa idan matarsa ta kira shi yana wurin aiki.

Na gane cewa faɗin "ban sani ba" ya fi sauƙi a kan abin da na jawo. Masu ɗan taɓa harsuna irina, idan saƙo ya shafi ran mutum, ku sake tambaya kafin ku tura.