Rimot ɗin Baba

Da Baba ya yi ritaya daga koyarwa, abin da ya fara saya mota ce, tsohuwa amma mai tsafta. Ba motar ce ta fi burge shi ba, ɗan rimot ɗin da ke rataye a jikin makullin ne. Kullum da safe yana zaune a zaure zai miƙa hannu ya danna, motar da ke can ƙarƙashin darbejiya ta ƙyafta fitilu ta yi ɗan kuka sau biyu. Sai ya dubi duk wanda ke kusa ya ce, "Ta amsa." Maƙwabta sun ga wannan wasa ya fi a ƙirga, amma ba wanda ya taɓa hana shi.

A shekarar da hawan jini ya kwantar da shi sati biyu, ya tashi hannunsa na dama ba ƙarfi sosai. A daidai lokacin ne kuma motar ta fara yi masa taurin kai. Daga cikin zaure ba ta amsawa sai ya fito bakin ƙofa. Bayan wata guda sai ya taka zuwa dakali. Daga baya sai ya tsaya dab da ita yana dannawa sau uku, sau huɗu. Yayana da ke aiki a Katsina ya dage a waya cewa a karɓe makullin, ga hannu ga ido da ya fara rauni, tuƙi ya ƙare wa Baba. Baba kuwa gonarsa na can Sandamu, da motar yake zuwa, kuma a ganinsa ranar da aka karɓe makullin nan an gama da shi ke nan.

Ni ce ta kusa, gidana na nan cikin Daura, don haka ni aka ɗora wa aikin karɓowa. Na je ran Asabar da hantsi raina a ɓace, ina ta tsara maganar da zan yi. Na same shi tsaye jikin motar yana kallon babban yatsansa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana.

"Uwata," ya ce, "hannun nan ya gama. Ko mota ta daina ji na."

Tausayinsa ya kama ni har na manta da abin da ya kawo ni. Na karɓi rimot ɗin na danna da yatsana mai lafiya, wanda ke tuƙa tuwon mutum goma. Shiru. Na koma zaure na danna, shiru. Sai dariya ta ƙwace mini.

"Baba, ai ni ma ba ta ji na. Batir ne ya mutu."

"Wannan ɗan abin har batir gare shi?"

Shekara huɗu yana danna shi, bai taɓa tunanin akwai abin da ke ƙarewa a ciki ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, sai ranar.

Na ɗauko wuƙar yanka albasa, na sa bakinta a tsagar da ke gefen rimot ɗin na murɗa a hankali. Baba na tsaye a kaina yana cewa zan fasa masa kaya. Ya buɗe biyu, ga batir nan zagayayye kamar maɓallin riga, da lamba a bayansa. Na naɗe shi a gefen mayafi na tafi kasuwa wurin mai gyaran agogo, ya duba lambar ya ba ni irinsa.

Na dawo ina taƙama, na sa, na rufe, na miƙa wa Baba a gaban abokansa biyu da suka zo hira. Ya danna. Ko motsi. Fuskarsa ta sake faɗuwa. Na sake ɓalle shi, ashe garin sauri na kifa batir ɗin, wajen da ke da rubutu ya kalli inda bai kamata ba. Na juya shi, na danne murfin har ya yi ƙas.

Wannan karon Baba bai yarda ya gwada daga kusa ba. Ya shige can ƙuryar zaure, ya zauna a kan buzunsa, ya gyara hula, sannan ya ɗaga hannun nan da ya ce ya gama. Motar ta ƙyafta ta yi kuka sau biyu. Ya rufe ta, ya buɗe, ya sake rufewa, abokansa na ta dariya.

Ban yi maganar makulli ba, ban ma da niyyar yi. Shi ne da kansa, bayan baƙin sun tafi, ya zauna yana fama da zoben ƙarfen har ya raba makullin da rimot ɗin. Ya miƙo mini makullin.

"Na san idona ba kamar da ba, Uwata. Abin da na ƙi shi ne a karɓe. Gobe ke za ki kai ni Sandamu."

Rimot ɗin kuwa ya jefa a aljihun gabansa. Har yau ni ke tuƙi, amma ba na taɓa ƙofar motar nan sai na tsaya Baba ya buɗe mini daga zaure.