Ranar da Aka Ɗora SSD a Sikeli

Cikin duk shekarun da na yi a wannan shago, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da Alhaji Bukar ya aike ni aron sikeli don mu auna SSD. Ku da kuka zo daga baya kuna ganin dokar da Nafi'u ya kafa, ta gwada kowane sabon ma'aji kafin a zuba masa aikin mutane, kuna cewa ɓata lokaci ne. To ga inda ta samo asali.

A lokacin mu uku ne a shagon nan na ɗaukar hoto da bidiyon biki a Kazaure. Alhaji Bukar shi ne mai shago. Babarbare ne, ya daɗe yana fataucin gyaɗa a Roni kafin ya juyo wannan sana'a. Nafi'u shi ne mai kyamara, shi ne kuma mai tace bidiyo a kwamfuta, wato ya yanke inda bai yi kyau ba, ya jera sauran, ya sa kiɗa. Ni kuwa ni ke ɗaukar ƙafar kyamara da fitila, ni ke tayar da janareta, ni ke tuƙa mashin. Da yamma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, lokacin ban daɗe da fara haɗa baƙi ba.

Ga wanda bai san aikin ba, duk abin da kyamara ta ɗauka yana sauka ne a kan ɗan kati. Idan an dawo shago sai a kwashe shi zuwa ma'aji, a goge katin don aiki na gaba. Ma'ajinmu tsohon yayi ne, irin mai faifai a ciki yana juyawa. Ya cika maƙil, ga nawa. Sai Nafi'u ya danna, mu je mu yi alwala, mu yi salla, mu dawo mu tarar ma'ajin yana nan yana tunani. Nafi'u ya daɗe yana roƙon a sayi SSD, sabon irin ma'aji wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, shi ya sa yake da sauri.

Bayan an gama girbin gero muka ɗauko bikin Bello, ɗan Ardo Buba, a wata ruga da ke bayan Gwiwa. Biki ne babba, kati ya cika, ga shi babu inda za a juye. Washegari kuma muna da suna a Babura, katin ke nan guda ɗaya. Dole Alhaji ya yarda. Aka kira wani mai yawo da kayan kwamfuta a jaka, wanda kan zo daga Kano, ya baje mana iri uku a kan tebur.

Nafi'u bai yi wata-wata ba ya ɗauki na farko. Na sanannen kamfani ne, da takardar garanti, da lambar da ake dubawa a waya a tabbatar na gaske ne. Ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya ɗora shi a tafin hannu, ya ɗaga, ya sauke, kamar yadda yake yi wa gyaɗa.

"Nafi'u, kwalin ka ba ni ko kayan?"

"Kayan ke nan, Baba Alhaji."

"Wannan? Ai kwalin ashana ya fi shi nauyi. A nan za ka zuba bikin Fulani da shanunsu?"

Na biyu ma bai gamsar da shi ba. Da ya ɗaga na uku kuwa sai fuskarsa ta washe. Wani ne mai gidan ƙarfe, yana ƙyalli, an rubuta a jikinsa cewa yana cin ninkin na farko sau huɗu, kuɗinsa kuma bai kai rabi ba. Na tsaya ina haɗa baƙin sunan kamfanin a hankali, na karanta shi daidai, amma babu wanda ya taɓa jin sunan a cikinmu, har mai jakar.

Nafi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, ba da nauyi ake gane wannan kaya ba. Arahar nan tasa ma ita ke ba ni tsoro."

Alhaji ya ce, "Kai yaro ne. Gyaɗar da ba ta yi ƙwaya ba, a hannu ake jin ta. Malam Sale, je ka aro mana sikelin mai ƙusa."

Na je na aro. Aka ɗora su ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta suka leƙo kallo. Mai ƙyallin nan ya rinjayi sauran biyun a haɗe. Mai jaka, wanda da farko na farkon yake yabo, nan take ya koma yabon mai nauyi. Ya ce shi ma irinsa yake amfani da shi a gida. Nafi'u ya tambaye shi inda shagonsa yake, ya ce ana gyara.

Alhaji ya biya kuɗin mai nauyin, aka jona shi, aka fara juye biki. Abin da aka saya don sauri ya ɗauki yinin nan cur. Nafi'u ya nuna wa Alhaji ɗan layin da ke rarrafe a fuskar kwamfuta. Alhaji ya ce, "Ka taɓa ganin tirela da kaya tana gudu kamar mashin?" Da aka gama, Nafi'u ya buɗe bidiyon farko, ya yi tar. Ya so ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, amma man janareta ya ƙare, ga tafiyar Babura da sassafe. Aka goge kati.

Da muka dawo, Nafi'u ya zauna tace bikin Gwiwa. Ina shara sai na ji ya yi salati. Sunayen bidiyon duk suna nan a jere, amma in ka danna sai baƙi ƙirin. Abin da ya tsira shi ne gwajin da ya yi da muka isa ruga: garken shanu yana wucewa, wani ɗan maraƙi yana lasar ƙafar kyamara, sai ni a gindin tsamiya ina shan fura, ludayi a baki. Ɗaurin aure babu, rawa babu, kai amarya babu.

Nafi'u ya ɗauko sukudireba ya kwance gidan ƙarfen. A ciki akwai ɗan katin waya ƙarami, irin wanda yara ke zuba waƙoƙi, sai manyan notina biyu na injin ban ruwa da aka manne da gam. Ya bayyana mana cewa an yi wa katin dabara ne ya riƙa faɗa wa kwamfuta ƙarya. In ya cika ba ya cewa ya cika, sai ya yi ta karɓa yana zubarwa. Alhaji ya ɗauki noti ɗaya ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Kira min mai jakar nan." Wayar a kashe. Har yau a kashe take.

Ranar da aka yi alkawarin ba da bidiyon Ardo Buba ya iso da ɗansa Bello a kan mashin. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun daga bakin ƙofa ya ɗaga murya.

"Ina bawan nan nawa? Fito da bikin ubangidanka!"

Duk ranar Allah Alhaji kan rama, ya ce Bafillace bai san komai ba sai bin saniya. Ran nan kuwa kujera ya jawo masa da kansa, ya aike ni sayo lemo mai sanyi. Ardo ya dube shi ya ce, "Babarbare da ladabi? Lallai an yi ɓarna."

Aka kunna masa abin da ya rage. Ya kalli shanunsa, yana kiran sunan kowace. Ya kalle ni da ludayi. Ya ce, "To, mun ga Malam Sale ya ƙoshi, alhamdu lillahi. Ina ango?"

Alhaji ya zube masa notinan a gaba, ya faɗa masa gaskiya tun daga sikeli. Bello ransa ya ɓaci ƙwarai, don amarya ta riga ta faɗa wa ƙawayenta za su zo kallo, ga yayarsa da ke aure a Nijar ba ta samu zuwa ba, bidiyon take jira. Ardo kuwa dariya ya yi har hularsa ta faɗi. Da ya nutsu ya ce, "Alhaji, ko mu da kake cewa ba mu san komai ba, ba ma sayen saniya don nauyi. Mukan tambayi uwarta, mu tambayi garken da ta fito, mu tsaya a tatse ta a gabanmu."

Alhaji ya ce zai mayar da kuɗin aiki. Ardo ya ce kuɗi ba za su nuna wa 'yarsa fuskar amarya ba. Tara ya yanke masa: a sake biki, rago da shinkafa daga aljihun Babarbare.

Haka aka yi. Kafin mu tafi, Nafi'u da kansa ya je Kano, ya shiga shago mai ƙofa da adireshi, ya sayo na sanannen kamfanin nan mara nauyi. Ya duba lambarsa, ya karɓi garanti. Da ya dawo ya cika shi da tsofaffin bidiyo har baki, ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, sannan ya yarda da shi.

Biki na biyu ya fi na farko jama'a, don duk wanda ya ji Babarbare ne zai ciyar sai da ya zo. Liman ya ce shi ba ya ɗaura aure ɗaya sau biyu, addu'a kawai zai yi, Nafi'u ya san yadda zai jera. Aka sake yi wa amarya lalle. Ƙawayenta suka ce ta yi kukan rabuwa da gida kamar wancan karo, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ashe dariya take. Wani kawun ango da ya yi barci a taron farko ya zo ya zauna a sahun gaba, ido buɗe, ko ƙiftawa ba ya yi. Alhaji na gefe yana kallon yadda ake yagar ragonsa. Da za mu tafi, mahaifiyar Ardo, tsohuwa tukuf, ta kama hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, yaushe abin naku zai sake lalacewa? Ka sanar da mu da wuri."

A shago, juye bikin bai ɗauki tsawon shan shayi ba. Nafi'u ya ajiye shi a wuri biyu kafin ya taɓa kati.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a ranar mutum ake ba mu amana, ba kaya ba. Mun ci sa'a a hannun mai haƙuri muka faɗa, kuma biki ne, ana iya sake shi a ci nama. Amma akwai tsohon da zai yi wa jikansa addu'a ranar suna, kafin a gama tace bidiyon ya riga mu gidan gaskiya. Wannan ba a sake shi. Masu yin jabu kuma sun san halinmu sarai, sun san hannu muke fara tambaya kafin kai, shi ya sa suke sa noti.

Saboda haka idan za ku sayi SSD, ku nemi kamfanin da aka sani, a shagon da za ku iya komawa gobe ku same shi a buɗe. In arahar ta yi yawa, ku ajiye. Idan kuma Nafi'u ya ce a cika shi a gwada, ku cika shi ku gwada, ko da man janareta zai ƙare. Alhaji ya rantse ba zai sake ciyar da Fulanin Gwiwa ba.