Yawun da Ban Tofa Ba

A shekarun nan, duk ƙasar Bukkuyum ban san wani mai gilashin nutso ba sai ni, ni ɗin ma ba saye na yi ba. A Anka na samo shi, inda na yi rani biyu ina leburanci wurin ginin wata gada. Cikin ma'aikatan akwai wani Bature da aikinsa shi ne shiga ƙarƙashin ruwa yana duba gindin ginshiƙai. Ya ga na iya ruwa, muka saba, ba da baki ba, don ba na jin yarensa ba ya jin nawa. Ranar da zai tafi ya miƙo mini tsohon gilashinsa: baƙar roba mai rufe ido da hanci, da gilashi guda mai faɗin tafin hannu, da maɗauri a ƙeya. Ya haɗa mini da 'yar kwalba irin ta maganin ciwon ido.

Sai da na shiga ruwa da shi na gane amfanin kwalbar. Fuskar mutum da ɗumi take, ruwan gulbi kuma da sanyi, to kana nutsawa sai raɓa ta kwanta a gilashin daga ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Kafin ka ƙirga goma ka makance, fari fat kawai kake gani. Amma in ka ɗiga ruwan kwalbar ɗigo biyu ka murza, sai gilashin ya tsaya tangaran har numfashinka ya ƙare. Baturen ya san kwalba ƙarewa take yi, shi ya sa ya nuna mini abin da ba ya ƙarewa. Ya tofa yawu a ciki, ya murza da yatsa har kowace kusurwa, ya ɗauraye sau ɗaya tak, ya jiƙa fuskarsa ta yi sanyi, sannan ya ɗaura. Ya yi ta nanata mini da hannu cewa gilashin ya zama busasshe kafin a tofa. In ya riga ya jiƙe, yawun zamewa yake yi, ba ya kamawa.

Da kwalbar ta ƙare, na yi ta neman abin da zai fi yawu mutunci. Na gwada sabulun salo, ya yi aiki, amma na fito da ido jawur ina hawaye kamar an yi mini rasuwa. Na gwada man goge baki da na sa aka sayo mini a Gummi, shi ma da yaji. Na murza ɗanyen dankali, na murza ruwan kuɓewa. Ƙarshe dai na koma wa yawuna, shi ya fi su duka.

Garinmu ƙauye ne kusa da Nasarawa Burkullu, kuma mutanenmu ba sa barin abu ya wuce ba su yi masa ba'a ba. Idon kwaɗo suke kiran gilashin. In na tofa yawu a ciki sai su bushe da dariya, wai ga mai wanke fuska da miyau. Amma guga ya faɗa rijiya, ko keken wani ya zame a mashigi, ko tukunyar tagulla ta kuɓuce wa mai wanki, ƙofar gidanmu ake tsayawa ana sallama. In na fito da abin, a ce Allah ya yi albarka, washegari a ci gaba da dariya. Na sha cewa ba zan ƙara shigar wa kowa ruwa ba, na kuma sha komawa.

Ba dariyarsu ce take ci mini rai ba. Mahaifina malami ne, ɗan malami, kuma ni ne ɗan da ya ajiye allo ya tafi ɗaukar siminti. Bai taɓa yi mini faɗa a kan gilashin ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Kawar da kai kawai yake yi. Sau ɗaya na ji yana gaya wa ƙanensa cewa bai san inda aka koyi tofa yawu a abu sannan a kifa shi a fuskar da ake sujada da ita ba. Ko da kuskure bai taɓa kai hannunsa jikin abin ba, kuma a soro nake rataye shi, ba na shiga da shi cikin gida.

Mutum ɗaya ne yake yi mini dariya ba na jin haushi. Bafillace ne sa'ana, rugarsu tana bayan gonarmu, shanunsu ke kwana a ciki bayan girbi suna bar mana taki. Tare muka tashi. Ya taɓa ɗaura gilashin ya tsoma fuska a mashaya, ya ɗago yana ƙyalƙyala dariya, wai yau ya ga ƙafafun shanunsa ta inda bai taɓa gani ba. Bai iya ruwa ba, iyakarsa ƙugu. Shi ne ɗan fari a wurin uwarsa, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane. In tana nemansa sai ta ce mini, ina abokinka. Ni kuwa Inna nake ce mata, kuma na sha nonon ƙwaryarta fiye da yadda na sha na kasuwa.

Bayan an kai gero gida ne, sanyi ya fara shigowa, ruwan gulbi ya kwanta ya yi garau amma da sauran ƙarfinsa. Da hantsi wani ya faɗo gidanmu a guje ya ce abokina ya faɗa gurbin ƙarƙashin dutse, inda gulbin ya fi zurfi. Maraƙi ne ya zame a bakin mashaya, ya bi shi ya kamo, maraƙin ya fita, shi bai fito ba. Kafin labari ya iso gare ni, kafin in isa, an wuce zancen samunsa da rai. Kowa ya san haka, ni ma na sani. Abin da ya rage shi ne a fito da shi, a yi masa wanka da salla, a rufe shi kusa da rugarsu kafin rana ta faɗi. In aka bar shi, ruwa zai ɗago shi bayan kwanaki ya yi gaba da shi.

Na tarar da gari duk ya taru a gaɓa biyu. Inna tana can gefe ƙarƙashin wata kanya, ta juya wa ruwan baya, domin ko a ranar kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba. Ba ta kuka. Bakin zanenta kawai take murzawa.

Na tuɓe riga, na share gilashin ya bushe ƙayau, na tara yawu a bakina. Sai na ji muryar mahaifina a bayana.

“Miƙo mani abin ga.”

Na juya. Ya biyo ni ashe, da ƙwarya a hannunsa, ya yi saurin da ban taɓa ganin ya yi ba, har yana haki. Gurbin nan tun muna yara ake ce mana ba shi da kyau, masunta ma ba sa jefa taru a cikinsa.

“Gurbin ga ba a shiga tai hakanan,” in ji shi. “Ɗa guda da yac ci ya isa.”

Na haɗiye yawuna na miƙa masa. Ya riƙe gilashin da hannu biyu, abin da ya shekara uku yana ƙyama. Ya yi addu'a mai tsawo ya tofa, mutane suna amin. Sannan ya tsoma shi tsundum cikin ƙwaryar, wadda rubutu ne a ciki da ya wanko daga allo, ya juya shi ciki da waje, ya ba ni sauran na sha. Ya miƙo mini gilashin yana ɗiga.

Na tsaya da shi a hannu. Na san abin da ya kamata in yi sarai: in goge shi da rigata ya bushe, in tofa yawu, in murza. Wato in share ayoyin da ubana ya wanke a kai, in tofa miyau a gurbinsu, a gabansa, a gaban almajiransa da dattawan gari da Fulanin da suka zo daga rugage uku. Na sha gaya wa kaina daga baya cewa idon mutane ne ya hana ni. Ba gaskiya ba ne duka. Ni ma tsoron abin nake ji. Kuma akwai wani daɗi da ya cika mini ciki, a irin wannan rana, don ubana ya taɓa kayan aikina. Wannan daɗin shi na fi tsana in na tuna.

Na ɗaura shi haka na shiga.

Ruwan ya yi sanyin da ya ratsa mini haƙora. Da farko na ga komai: yashi, bakin dutsen, saiwoyin wata bishiya da ruwa ya kayar. Ban kai rabin zurfin ba raɓa ta fara daga gefe, ta haɗe a tsakiya. Na ci gaba da lalube da hannu har ƙirjina ya ɗau zafi, na fito. Na ɗaga gilashin na ɗauraye da ruwan gulbi na koma. Ɗaurayewa ba magani ba ce, 'yan daƙiƙu take saya maka. Na sake makancewa a daidai wurin.

A nutso na uku na kai ƙasa sosai, ta gefen saiwoyin. Ta cikin farin nan na ga wani abu mai ɗan haske, dogo, a kwance, kamar taku huɗu daga inda nake. Ko itace ne da ɓawonsa ya saɓule, ko farar riga. Ban iya rabewa ba. Numfashina ya kusa ƙarewa, na ce a raina itace ne, na yi sama. Da gilashin garau yake, kallo ɗaya ya ishe ni.

Da na koma ban sake samun wurin ba. Makaho ba ya komawa inda ya baro a cikin ruwa, ga ƙafafuna sun tayar da laka. Na yi ta shiga ina fita har jikina ya daina jin sanyin, hancina ya fara jini. Tsakanin nutso da nutso na sha duban wani lungun dutse ina cewa bari in laɓe can in goge in tofa. Ba lungun da ba ido. Mahaifina yana bakin ruwa da tasbaha, bai zauna ba, bai kawar da kai ba ko sau ɗaya. Da la'asar ya sa aka fizgo ni da ƙarfi.

Kwana biyar bayan nan aka aiko daga wani ƙauye can ta wajen Gummi cewa masunta sun tsinci mutum. Yadda suka same shi ba ya ɗaukuwa, ba ya ma jiran a nemo danginsa. Suka yi masa abin da ya samu suka rufe shi nan bakin gulbi, inda ruwa ke hawa duk damina. Da layar hannunsa da suka cire suka ajiye aka shaida shi. Kawunsa ya je bai tarar da komai ba sai tudun yashi.

A gari aka ce ai da ma, abin Nasara ina zai yi aiki inda addu'ar malam ma sai da ta yi da gaske ta fito da ɗansa da rai. Har yau in na tuna masu faɗin haka raina ɓaci yake yi, su da ba wanda ya jiƙa ko idon sawunsa. Mahaifina kuwa ya rayu ya rasu yana ganin shi ya cece ni ranar. Wataƙila ma haka ne. Ban taɓa gaya masa komai ba. Me zan ce? Ka so ni, shi ya sa na kasa gani?

Ranar sadakar bakwai na je rugar. Na yi ta zagaye a wajen maza ina gudun bukkar Inna, har ta aiko a kira ni. Na tarar da ita zaune tana wanke ƙorai. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa ba ta ɗago ba.

“Ɗan malam,” ta ce, “da kash shiga, ka ga abokinka?”

Na ce, “Ban gan shi ba, Inna.”

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da murza ƙwaryar da ke hannunta.

“Na sani. Su ka ta magana, ni ko na sani. Da ka gan shi ba ka baro shi.”

Ta jawo wata ƙwarya ta zuba mini nono har baki, ta tura gabana. Ta zauna tana kallona, don ta ga na rame. Na ɗauka da hannu biyu na shanye duka.