Tur'ar Asma'u Da Ba Ta Ɗaukar Ruwa

Litinin da asuba: Mai Wurno zuwa Wad Haddad

Ƙarfe huɗu da rabi na fito gida, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, don uwargida ta rantse boksin Sinnar, a-kori-kurar da ke ɗaukar fasinja, ba ya jiran kowa. Ya jira. Har salla munka yi, munka sha shayi, direba bai gama neman fasinja na goma sha huɗu ba. Ni da na hau jirgin ruwa zuwa Jidda, na hau saman lori har Injamena, ban taɓa ganin motar da ta tashi lokacin da anka ce ba.

Ga abin da ya fitar da ni. Ɗiyar ƙanwata, Asma'u, ita ce ta yi karatun kimiyya a Hartum ta wuce Turai. Yanzu an sa ta cikin masu zana wani inji da ba a gina ba tukuna, aikin shekara biyar, kuma jirginta Juma'a zai tashi. Ta zo gida neman albarkar ubanta, Malam Abdu, tsohon gafir, wato mai tsaron ƙofar ruwa a tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki. Shi kuwa da ya ji tana tafe sai ya ɗauki jakarsa ya ce za shi yankan riɗi wajen ƙanensa a Damazin. Mutumin da ko sunkuyawa ɗaukar buta sai ya yi salati! Saƙon da ya bari guda ne: "Ba ni sa albarka ga abin da ban gane ba."

"Kawu," ta ce mini a waya, "in Baba bai ce je ki ba, ba ni tafiya. Su ba wani gurbin."

Shida da minti ashirin muna Sinnar. Na sauya zuwa hafila, ƙaramar bas mai tafiya Madani, kusan kilomita arba'in, na sauka Wad Haddad bakwai da rabi. Daga nan keken jaki ya bi da ni gaɓar tur'a har ƙauyensu.

Na tarar da maza sun fi talatin a ƙofar gida. Na fara inna lillahi, na zaci rasuwa anka yi. Ashe takarda ce sunka shimfiɗa bisa gado, an danne kusurwoyinta da kofunan shayi. Ƙanwata ce ta buɗe dogon kwalin da Asma'u ta zo da shi, tana zaton darduma ce, ta kai wa maƙwabta su gani. To, a Jazira, ƙasar noman ban ruwa, in ka ga takarda mai dogon layi miƙaƙƙe da lambobi a gefe, kuma mai ita ta yi boko, ba ka buƙatar mai fassara.

Samad Garba, shugaban manoman layinsu, shi ya tare ni.

"Hajji Haruna, ka zo daidai! Ɗiyarku za ta haƙa mana tur'a. Kilomita talatin, ko lanƙwasa ɗaya babu."

"Ba tur'a ba ce, Baba Samad," in ji Asma'u daga bakin zaure. Muryarta har ta dushe, da alama tun jiya take faɗi. "Rami ne ƙarƙashin ƙasa."

"Kun ji? A rufe ma! Ko akuya ba ta faɗawa."

"Babu ruwa a cikinsa."

"Ɗiyata, wace tur'a ce ke da ruwa tun tana takarda?"

Sai gardama ta koma kan babbar magana: ina kai, ina wutsiya? Kowa ya san wanda hawasharsa, wato gonarsa, ke wutsiyar tur'a da hawayensa yake ban ruwa. Asma'u, baiwar Allah, ba ta iya ƙarya ba. Ta ce ai daga ɓangarorin biyu ake sakowa. Sai wani tsoho ya ɗaga hannu sama ya yi kabbara. Tur'a mai kai biyu, babu wutsiya! Na ga mutum biyu da sun shekara bakwai ba su gaisawa saboda rabon ruwa sun rungume juna.

Da za mu tafi neman Malam Abdu, Samad ya kawo zakaru biyu, ƙafafu a ɗaure. "Ba wani abu ba ne, guzuri ne. Sai dai ki tuna hawashata ita ce ta kusa da hanya." Asma'u ta buɗe baki, ni kuwa na riga ta miƙa hannu. Ban iya mai da kyauta ba, haka anka rene ni. Na ce in sha Allah.

Litinin da rana: Sinnar zuwa Sinja

Sha biyu saura kwata munka iso Sinnar. Na kai ta bakin madatsa munka ci soyayyen kifi da shatta, yaji mai sa hawaye, tana ta fushi da ni saboda zakarun. Ƙarfe biyu munka hau bas ɗin Sinja: ni, ita, kwalin, zakara ɗaya ƙarƙashin kujera, ɗaya bisa cinyata don ya fi ɗan'uwansa girman kai.

"To, Dakta," na ce, "tun da ni zan yi miki lauya gaban babanki, ki gaya mini laifin da kika yi."

Ta yi dariya, fushi ya sauka. "Kawu, komi da kake gani, kai da zakaran nan, da ƙwayoyi ƙanana anka gina shi, ido ba ya ganinsu. Ɗaya sunanta ilektaron, ita ke gudu cikin wayar lantarki. Tana da 'yar biyunta, fozitiron. Nauyinsu ɗaya, halinsu akasin juna. In sun haɗu duk su biyun ɓacewa suke, ƙarfinsu ya koma wasu sababbin ƙwayoyi. Muna son mu sako wagga daga wanga gefe, waccan daga wancan, su yi gudu kusan na haske, su yi karo a tsakiya, mu duba abin da ya fito."

"Karon raguna ke nan."

"Kusan haka. Sai dai garke-garke ake sakinsu, kuma garken ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Galibinsu ma wuce juna suke."

"Tsaya. Kowane rago ya sheƙo kilomita goma sha biyar, sannan ya kuskure ɗan'uwansa?"

"Shi ya sa anka ɗauke ni aiki, Kawu. Ni ke lissafin yadda za su haɗu."

Wata mata a bayanmu ta taɓa kafaɗata ta ce, da Larabci, in dalilin aure ɗiyata ke yi, tana da ƙane.

Kafin mu shiga Sinja akwai shinge. Askari ya hau, ya dubi zakaran, zakaran ya dube shi, sannan idonsa ya sauka kan kwalin.

"Ya hajji, mi ne ne wanga?"

"Takarda."

"Buɗe."

Munka sauka munka warware ta bisa murfin bas. Ya bi layin da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya kira abokinsa, sunka yi ƙus-ƙus. Sai ya matso ya rage murya: "Ya daktora, za ta bi ta wajen ƙauyenmu?" Ashe shi ma ɗan manomi ne.

Huɗu da rabi muna Sinja. Bas ɗin Damazin ya riga ya tafi, munka sauka gidan abokina Malam Sanda mai gyaran rediyo. Matarsa ta yi mana kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa. Zakarun sunka kwana a banɗaki, sunka kuma tashe unguwa duka kafin ladan.

Talata: Sinja zuwa Damazin

Shida da rabi munka tashi. Hanya kusan kilomita ɗari da saba'in, gonakin dawa da riɗi hagu da dama har ido ya gaji. Taya ta fashe sau ɗaya, direba ya ce wannan ba ta cikin lissafi, ta jiya ce ta makara. Sha ɗaya muna Damazin, raksha mai ƙafa uku ta kai mu tasha, wani boksi ya kai mu ƙauyen da ke bakin kogi kafin azahar.

Mai yankan riɗi yana kwance ƙarƙashin tsamiya, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Asma'u ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa gajere, ya tashi zaune, fuska kamar hadari. Ashe Samad ya riga mu da waya.

"Shekara talatin da shida ina buɗe ƙofa ina rufewa. Ɗiyar cikina ta zana tur'a, Samad Garba ya gani, askarawan Sinja ma na ji sun gani, ni ko tambayata ba a yi ba! Kawo takardar."

Na so in ce, Yaya, ai kai ka gudu. Na haɗiye, lauya ya san lokacin shiru.

Anka shimfiɗa bisa tabarma. Ƙanensa Ilu, masunci ne, ya leƙo ya ce, "Wanga ɓarnar ƙasa! Mi zai hana a lanƙwasa ta, ta zagayo kamar zobe?"

"Kai da kifi ka sani," in ji Malam Abdu, ko ɗaga kai bai yi ba. "Ruwa in ya sha kwana ƙarfinsa ke zubewa, ya tsaya cin gaɓa. Mai son ƙarfi ya isa ƙarshe, miƙewa yake."

Asma'u ta saki baki. "Baba, wallahi dalilin ke nan. Ilektaron in an lanƙwasa mata hanya, ƙarfinta zubewa yake, ya fita kamar haske. Shi ya sa muke son miƙaƙƙe."

"Ina ce wani abu ne sabo." Ya ɗora yatsa kan wasu 'yan akwatuna da anka jera bisa layin. "Waɗanga ƙofofi ne?"

"Ɗakunan ƙarfe ne, sun fi ƙanƙara sanyi nesa. Kowanne na tura ƙwayoyin gaba, amma dole ya tura daidai lokacin da sunka iso."

"In ya makara?"

"Sai ya ja su baya."

"Gafir mai barci ke nan. Na san irinsu, ɗaya ma surukina ne." Ya harare ni. Ni ban taɓa yin gafir ba, amma barcin ban musa ba.

Na ga magana ta yi daɗi, na yi wa Asma'u ido ta bar ta haka nan, tur'a ce kalas, shi ke nan, a sa albarka mu kama hanya. Ba ta dube ni ba.

"Baba, ba na son ka sa albarka bisa kuskure. Ba ruwa a cikinta. Ba auduga, ba dawa. Ba ma a ƙasar nan za a yi ta ba."

"To mi za a girbe?"

"Sani. Mu ƙara gane da mi Allah Ya gina duniya."

"Yaushe za a haƙa?"

"Ban sani ba. Wataƙila shekara ashirin. Wataƙila ba a haƙa ba sam, ya tsaya a takarda."

Na ce a raina shi ke nan, jirgin Juma'a ya tashi babu mu. Zakara ɗaya ya yi cara da rana tsaka, Malam Abdu ya gyara zama.

"Kakanki," ya ce, "da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato za shi Makka. Ya tsaya Jazira ana haƙar tur'a, ya yi ta ɗaukar ƙasa da kwando a ka. Ko taƙi ɗaya na hawasha bai samu ba har ya rasu. Ruwan da ya yi wa hanya, ni na buɗe masa ƙofa, ke kika ci kisrarsa." Ya jawo jakarsa ya zazzage. Ƙarfe ya faɗo, tsawon kamu biyu, baki ya lashe don riƙo: mabuɗin tsohuwar ƙofarsa, wanda ko asibiti da shi yake zuwa. "Ungo. Ranar da anka gama, ko ina nan ko ba ni, da wanga za ki buɗe. Je ki, Allah Ya yi miki albarka."

Asma'u ta rungume ƙarfen tana kuka. Ni shattar jiya ce ta dawo mini ido.

"Amma ki gaya musu," ya ƙara, "su ɗauki gafir, su saya masa jaki. Kilomita talatin ba a bin ta da ƙafa."

Da la'asar munka yanka zakarun duka biyu. Na ci da zuciya ɗaya.

Laraba: komawa

Bakwai na safe munka bar Damazin mu uku, don mai yankan riɗi ya ce riɗin bana bai nuna ba. A shingen Sinja askarinmu ya ga mabuɗin ya sara wa Asma'u: ga takarda shekaranjiya, ga mabuɗi yau, aiki na sauri. Ƙarfe uku muna Wad Haddad.

Samad na jira bakin hanya. Ni da na ci cinya biyu, ni anka tura gaba. Na ce, "Samad, gaskiya ita ce ba a san ranar haƙawa ba. Ana kan zane. Wataƙila shekara ashirin, wataƙila ma ba a yi ba."

Ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe. Ya juya ga jama'a: "Kun ji ko? Ni da ma ina ɗan shakka. Yanzu na tabbata tur'a ce ta gaske, duk haka suke cewa."

Alhamis da safe Asma'u ta hau bas ɗin Hartum. Ta bar littattafai uku a gida don mabuɗin ya samu wuri cikin akwati. Ni kuwa na biyo hafila zuwa Sinnar, boksi ya ajiye ni Mai Wurno ana kiran azahar, takalmana duka biyu a ƙafa.

Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Godiya ga Malam Sanda da maƙwabtansa, su yafe mana carar. Godiya ta musamman ga Samad Garba: zakarunka sun isa inda ka aike su, kuma ka kwantar da hankalinka, a wagga tur'a ba wanda za a bari a wutsiya.