Zomon da Bai Gama Girma Ba

Jiya a kasuwa na wuce wata mata tana zazzage buhun ganyen dankali, ɗanyen ƙamshinsa ya bugi hancina, sai na tsaya cak da kwando a hannu. Idan ka taɓa kiwon zomo ka san ƙamshin nan. Ni kuwa gidan hayarmu na Badarawa a Kaduna ya mayar da ni, shekarar da aka kawo mana kakata.

Inna muke ce mata, mahaifiyar Baba ce. Bayan rasuwar kakanmu Baba ya je ƙauyensu can ƙasar Zamfara ya taho da ita, saboda hawan jini ya sa ta gaba, asibiti kuma ya yi musu nisa. An sayar da awakinta da kajinta kafin su taso. Da ta zo, sai ta shige ɗaki ta zauna bisa tabarma. Alwala kaɗai ke fito da ita. Mama ta tuƙa tuwo, Inna ta ɗan taɓa ta ture. Tsakar gidanmu siminti ne, ko tsinken ciyawa babu, kullum kuma maganarta ɗaya: yaushe za a mayar da ita gida.

Baba direban motar kaya ne. Wata ranar farkon damina ya kai dusa wata gona a Rigachikun, ya dawo da kwali mai huji-huji a hammata. Da ya buɗe, sai ga ɗan zomo ruwan toka, kunnuwansa sun kusa tsawon hannuna. Ya ce ba a daɗe da yaye shi ba, irin manyan nan ne na ƙasar waje, uwarsa ta kai ɗan rago. Mama ta ce a ina za mu ajiye shi, mu da ɗaki biyu? Ni dai na riga na rungume shi. Ina jin zuciyarsa tana bugawa da sauri a ƙirjina, jikinsa ɗumi, gashinsa kamar auduga.

Yaran gidan haya suka yi masa caa, wannan ya ja kunne, wancan ya ɗaga ƙafa. Washegari ya ƙi cin komai. Ya takure a kusurwar kwali, ko dusar bai kalla ba. Ina zaune ina kuka a bakin ƙofa, sai na ji muryar Inna daga ciki.

"Kawo shi nan. Wanga zomo na, ko ɗan tunkiya?"

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Ku bar taɓa shi. Baƙo na, bai san kowa ba nan." Ta jawo kwalin kusa da tabarmarta, ta rufa masa tsohon zane, ta ce a samo ɗanyen ganyen dankali. Mama ta ce ba ta san inda ake samu ba. Sai Inna ta ce in miƙo mata mayafi.

Ranar ta fara taka ƙofar gida. Muka bi ta bayan unguwa a hankali, tana dafa kafaɗata, har wajen wasu ƴan lambuna da ke bakin rafi ta ɓangaren Unguwar Dosa. Ƙasa jiƙe take da ruwan safe. Ta cire takalmi ta taka. Mai lambun ya gaishe ta, ta ji harshensa irin na gida ne, suka tsaya tambayar juna gari da dangi, har na ƙosa. Muka dawo da ganye cike da zanenta. Da yamma zomon ya fito da hancinsa yana motsi, ya ja ganye ɗaya. Inna ma ta cinye tuwonta.

Haka muka riƙa zuwa lambu duk damina. Zomon ya yi ta girma, kwali ya yi masa kaɗan, Baba ya haɗa masa keji da katako da waya, shi ma ya zo ya matse shi. Idan ya miƙe a kan tabarma sai ya kai tsawon ƙafar Inna. Maƙwabta na leƙowa kallo, wani ma ya ce naman Sallah ya samu. Inna ta harare shi, bai sake faɗa ba.

Da kaka ta yi, Baffa, ƙanen Baba, ya zo daga ƙauye, ya ce an gyara wa Inna ɗaki, ta shirya su tafi. Na ga Baba ya sunkuyar da kai. Ba ya iya yi mata musu, ya kuma san abin da likita ya ce. Inna ta shafa bayan zomon ta ce, "Bari dai ya gama girma." Da ya dawo bayan shekara, amsar da ya samu ke nan.

Zomon ya yi shekaru tare da mu, ya mutu a wani zafin bazara. Na ɗauka shi ke nan, za ta tafi. Da Baffa ya sake zuwa da maganar, ina tsefe mata kai, sai ta kamo hannuna ta nuna masa. "Wagga fa? Ka ga ta gama girma?" A Kaduna ta rasu, bayan ta ga aurena.

Yanzu an cike lambunan nan da gidaje. Ni ma a bene nake haya, mai gidan ya hana ajiye ko kaza. Mama ce ta tsufa, tun rasuwar Baba tana wurina, tana yini a bakin taga tana kallon titi. Na kai ta asibiti, na sauya mata abinci, na saya mata rediyo. Har yau ban gano abin da zan shigo da shi gidan nan ba, wanda zai sa ta ce in miƙo mata mayafi.